Karen da Babana ya bar min yana da ciwon daji, ina kuka a ɓoye

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce, ina zaune da maigidana da 'ya'yanmu uku a wata sabuwar unguwa a bayan gari. Muna da kare mai suna Zaki, shekarunsa 9. Mahaifina ne ya rene shi tun yana ɗan kwikwiyo, yana masa gadin gona, da Allah ya yi wa Baba rasuwa na dawo da shi gidana. Akwai daren da haushinsa ne ya kori masu haura mana katanga. Kwanakin baya na lura da kumburi mai tauri a ƙarƙashin muƙamuƙinsa da bayan gwiwoyinsa, ya rame, ya rage cin abinci. Likitan dabbobi ya tattaɓa shi ya ce yana kyautata zaton ciwon daji ne na kaluluwa. Ya ce ko a yi masa kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji, ko a ba shi ƙwayar da za ta sassauta masa, in kuma abin ya yi tsanani akwai allurar da za a yi masa ya huta. Maigida ya ce kuɗin makarantar yara na gabanmu, ba zai zuba dukiya a kan kare ba. Surukata ta ce abin kunya ne Musulma ta zauna tana yi wa kare kuka, a kai shi daji a yar kawai. Yara kullum tambayata suke yaushe Zaki zai warke. Ni kuwa gani nake laifina ne da ban lura da wuri ba. Sai na shiga ɗaki na kulle nake kuka, ji nake kamar Baba ne zai sake rasuwa. Anti, me zan yi?

Maman yara uku, jihar Kaduna

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Baba, ya sa aljanna ce makomarsa, ya kuma saka miki da alheri da kika riƙe abin da ya bari.

Bari in fara da kukan, tunda shi kika fi ɓoyewa. Babu abin kunya a cikinsa. Dabbar da ta yi shekaru tana kwana a ƙofarki, ta san ƙarar takalminki, ta tsaya tsakanin 'ya'yanki da ɓarayi a daren da kowa ke barci, dole zuciya ta ji ciwonta. Addininmu bai hana wannan tausayin ba. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim game da mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Da sahabbai suka tambayi Manzon Allah (SAW) ko akwai lada a kan dabbobi, sai ya ce akwai lada a kan kowace hanta mai danshi, wato duk abin da ke da rai. Wancan kare ne da mutumin bai taɓa sani ba. Naki amana ce da ta faɗo hannunki daga mahaifinki.

Yanzu maganar ciwon. Wani abu a wasiƙarki ya tsaya min a rai: kin ce likita ya tattaɓa ne ya ce yana kyautata zato. Kafin ki yanke kowane hukunci, ki koma ki nemi a tabbatar. A ƙasarmu akwai cututtukan da kaska ke sa wa kare, akwai kuma sammore, kuma dukkansu suna iya kawo kumburin kaluluwa da rama da ƙin abinci, suna kuma da magani. Gwajin da ke bambancewa ba babban aiki ba ne. Likita zai soka siririyar allura cikin kumburin ya zuƙo ɗan ruwa a duba a madubin likita, sannan a ɗebi jini a duba ƙwayoyin cuta da lafiyar hanta da ƙoda. Yawanci ko allurar barci ba a buƙata. In asibitin da kika je ba su da kayan, ki roƙi likitan ya tura ki asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, tunda a jiharku yake. Akwai irinsa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato da Jami'ar Maiduguri ga waɗanda suka fi kusa da can. Kuma ki kula, kada a fara ba shi ƙwayar firedinisolon kafin a yi gwajin, domin tana sa kumburin ya sauka ta ɓoye alamar da ake nema, tana kuma iya rage ƙarfin kemo in daga baya kuka zaɓe shi.

Ina son sauran masu karatu su ji wannan ma, ba kowane ciwon daji na kare ne ke kisa ba. Akwai wanda ya yi yawa a karnukan da ke yawo, yana fitowa a al'aura yana zubar da jini, karnuka ke ɗaukarsa a junansu wajen barbara. Wannan kuwa, allurar kemo mai suna binkiristin sau ɗaya a mako, sau 4 zuwa 6, tana warkar da mafi yawansu. Ƙarin da ke fitowa a nonon macen kare kuma kusan rabinsa ba mai bazuwa ba ne, tiyata da wuri tana taimakawa ƙwarai. Don haka jin sunan ciwon kaɗai bai isa a fid da rai ba.

In kuwa gwaji ya tabbatar da zaton likita, to zan faɗa miki gaskiya yadda take, domin ki yi zaɓinki ido buɗe. Ciwon daji na kaluluwa a kare ba kasafai ake rabuwa da shi baki ɗaya ba, lokaci ake saya. In ba a yi komai ba, yawancin karnuka ba sa wuce mako 4 zuwa 6 bayan an gano shi. Da firedinisolon kaɗai, wadda ƙwaya ce mai araha, kumburin yakan sauka, kare ya dawo cin abinci ya warware, amma sauƙin yakan tsaya a wata 1 zuwa 3. Da cikakken kemo na haɗin magunguna huɗu, wanda ake yi tsawon mako 19 zuwa 25, kusan karnuka 8 ko 9 cikin 10 alamun ciwon suna ɓacewa, kuma matsakaicin abin da suke ƙarawa shekara guda ne. Kamar 1 cikin 4 ko 5 ne ke kaiwa shekara 2. Waɗannan alƙaluman an same su ne a manyan asibitocin da magani ba ya yankewa kuma ana gwajin jini kafin kowace allura, sai ki tambayi likitanki ko zai iya ba ki tabbacin haka.

Kemo na kare ba ya galabaitar da shi kamar yadda muke gani ga 'yan Adam, saboda ma'aunin da ake ba shi ƙasa yake, an auna shi ne don ya ci gaba da rayuwarsa cikin walwala. Yawancinsu gashinsu ba ya zuba, sai dai ɗan amai ko gudawa na kwana ɗaya ko biyu ga wasu. Nauyinsa a kan masu kare yake: zirga-zirga kusan kowane mako na wata biyar ko shida, kuɗin mota, kuɗin gwaji, kuɗin magani, ga ki kuma ma'aikaciya mai aji a hannu. Sannan kwana biyu zuwa uku bayan kowace allura, fitsarinsa da kashinsa na ɗauke da sauran magani, sai an sa safar hannu an kwashe, yara da mai juna biyu su nisanta.

A nan ne nake son ki saurari maigidanki da kunnen basira. Mutumin da ya ce kuɗin makarantar yara na gaba bai faɗi ƙarya ba, kuma maganarsa ba ta nuna rashin imani. Nauyin gida ne a wuyansa. Ina zaton ma akwai abin da bai furta ba, wato wa zai yi gadin gidan nan in Zaki ya kwanta. Ki samu lokacin da hankalinsa ke kwance, ba gaban yara ba, ba gaban Hajiya surukarki ba, ki ce masa ba kya neman a taɓa kuɗin makaranta. Abu uku kike roƙo: kuɗin gwajin da zai tabbatar, kuɗin maganin da zai hana karen shan azaba, da kuma alƙawarin cewa ba za a yar da shi ba. Ki sa likita ya rubuto muku jimillar kuɗin kowace hanya tun daga farko har ƙarshe, ku zauna ku duba tare, ku tsayar da iyakar da ba za ku wuce ba. Namiji yakan fi sakin jiki in ya ga inda kashe kuɗi zai tsaya. In kina da ɗan abin da kika tara ko adashin da kike shirin kwasa, kina da ikon sa shi a ciki, amma ki faɗa masa, kada ya ji daga baya.

In kin tambayi ra'ayina, ga shi. Idan kemo zai ja ku ga cin bashi, ko kuma kuna ganin za ku fara ku kasa ƙarasawa, ku bar shi, ku ɗauki hanyar sassautawa, kuma kada ki ƙirga wannan a matsayin gazawa. Zaki bai san watanni nawa suka rage masa ba, ba ya kwana da fargabar gobe. Abin da ya sani shi ne ko yau yana jin ciwo, ko akwai ruwa a kwanonsa, ko kin leƙo kin kira sunansa. Wannan kuwa yana hannunki ko da kuɗi ko babu. In Allah ya hore muku, likita ya ba ku tabbacin magani, jikin karen kuma da sauran ƙarfi, kemo ba almubazzaranci ba ne, ku yi.

Sai Hajiya. Kada ki yi jayayya da ita, ƙanwata, uwar mijinki ce, kuma maganarta tana da tushe. Ta taso tana jin hadisin cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare, da wanda ya ce ladan mutum na raguwa in ya riƙe kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba. Waɗannan hadisai ne ingantattu. Sai dai malamai da yawa sun haɗa gadin gida da waɗannan in akwai bukata. Masu sharhin littafin Risala na fiƙihun Malikiyya sun kawo cewa shi kansa mawallafinsa Ibn Abi Zaid ya ajiye kare a gidansa lokacin da katangarsa ta faɗi yana tsoron cutarwa, da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya ƙi hakan, ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki mai kai hari zai ajiye. Kuma a mazhabar Malikiyya da yawancinmu muka taso a kai, kare mai rai ba najasa ba ne. Amma ba ke ce za ki karanto mata wannan ba. Ki bar ɗanta ya yi mata magana, ko malamin da take girmamawa. Naki shi ne ki cire mata abin da ke damunta a zahiri: karen ya zauna a gefensa na tsakar gida ko bayan ɗaki, kwanoninsa daban, ba ya shiga ɗakin kwana ko wurin salla, ke da yara kuna wanke hannu bayan kun taɓa shi.

Abu ɗaya ne ba zan ba ki shawarar ki sassauta a kai ba, shi ne kai shi daji a yar. Karen da ya shekara 9 ana ba shi abinci a kwano, ga ciwo, ba zai iya farauta ba. Yunwa da ƙishirwa ne za su kashe shi, ko wasu karnuka su yayyaga shi, ko ya mutu a hanya yana neman gida. Mun san hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare ta bar ta da yunwa har ta mutu. Wanda ya ɗauki nauyin dabba za a tambaye shi yadda ya ƙare da ita. Ki faɗa wa maigida wannan cikin ladabi, amma ki tsaya a kai.

Jinyar gida ba ta da wuya, kulawa take so. Ki fara da cire masa sarƙa ko abin wuya, domin daidai wurin kumburin suke gurza, suna iya takura masa numfashi. Ki sauke masa aikin gadi. Ki shimfiɗa masa tsohon bargo ko buhu a inuwa mai iska, ki riƙa cire masa kaska, ki kare shi daga ƙuda, musamman in wani wuri ya fashe, don kada tsutsa ta shiga. Abinci kaɗan-kaɗan sau uku ko huɗu ya fi tuli guda: dafaffen ƙwai, kifi marar ƙaya, naman kaza da 'yar shinkafa, romo mai ɗumi, domin ɗumi na tayar da ƙamshi ya ja shi ga ci. Ki daina zuba masa sauran miyar gida, albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare, dafaffen ƙashi kuma yana tsagewa ya ji masa ciwo a hanji. In ya fara shan firedinisolon za ki ga yana yawan shan ruwa da fitsari da haki, aikin ƙwayar ne, kada ki rage masa ruwa, kada kuma ki tsayar da ita farat ɗaya ba tare da likita ya ce ba.

Don Allah kada tausayi ya sa ki buɗe akwatin maganinku ki ba shi. Ibufurofen da dikulofenak suna huda cikin kare su kashe masa ƙoda, in kuma suka haɗu da firedinisolon haɗarin ya ninka. Farasitamol ma sai da ma'aunin likita. Haka jiƙe-jiƙe da sassaƙe da maƙwabta za su kawo miki da kyakkyawar niyya, ki karɓa ki yi godiya ki ajiye. Akwai magungunan ciwo da aka tanada don karnuka, ki tambayi likita wanne ya dace da abin da yake sha.

Kare ba ya kuka in yana jin ciwo mai tsawo, shiru yake yi, shi ya sa sai kin koyi karanta shi. Ki ɗaga leɓensa ki dubi dasashi, in ya koma fari fat akwai matsala. In yana barci ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya, lafiyayyen kare ba ya wuce 30. Ki lura ko yana tashi da kansa ya je ya yi fitsari, ko yana kaɗa wutsiya in kin shigo, ko ya fara ɓuya a lungu. Ki samu kalanda, kowane dare ki sa alama, yau ranar sauƙi ce ko ta wahala. Zuciya takan ruɗi mai jinya, rana ɗaya mai kyau sai ta mantar da ita huɗu marasa kyau, takarda kuwa ba ta yin haka. In ranakun wahala suka rinjaya, ko ya ƙi ci da sha kwana biyu, ko numfashi ya zama aiki, ko ya kasa tashi yana ɓata shimfiɗarsa, lokacin magana ta uku da likita ya yi miki ya zo.

Na san wannan ce ta fi ba ki tsoro. Allurar maganin barci ce mai yawa da ake yi ta jijiya, cikin daƙiƙoƙi hankalinsa zai gushe, sannan zuciya ta tsaya, ba ya jin komai. Malamai sun saɓa a kanta. Akwai waɗanda suka ce a bar dabba har ajalinta ya zo, a cikin malaman Malikiyya kuma akwai waɗanda suka halatta a hutar da dabbar da ba a cin namanta in an fid da rai da warkewarta kuma tana shan wahala. Ki je wa malamin da kika yarda da iliminsa tun yanzu, ki kwashe masa bayanin likita duka, don kada ranar ta zo kina cikin ruɗani biyu. In kun zaɓi allurar, ki tambaya ko likita zai iya zuwa gida. Kada a yarda wani ya ce zai sauƙaƙe muku da guba ko maganin ɓera, wannan mummunar mutuwa ce. Bayan nan a haƙa rami mai zurfi a binne shi, domin maganin na nan a jikinsa, yana iya kashe ungulu ko wani karen da ya ci.

Yara kuma ki faɗa musu gaskiya daidai hankalinsu: Zaki ba shi da lafiya, likita na ba shi abin da zai rage masa ciwo, amma mai yiwuwa ba zai warke ba. Kada ki ce ya yi tafiya, za su yi ta jiran dawowarsa, ranar da suka gane kuma za su ji kin yaudare su. Ki tabbatar musu ba a ɗaukar wannan ciwo daga kare. Ki ba kowa ɗan aikinsa, wannan ya canza ruwa, wancan ya kakkaɓe shimfiɗa, amma kina wurin, domin ko kare mai haƙuri yana iya kai cizo in an taɓa inda ke masa ciwo. In sun ga hawayenki ba laifi, su ma sai su san an yarda su yi nasu.

Batun cewa laifinki ne, ki sauke shi. Wannan ciwon saurin tashi gare shi, kumburin kan bayyana cikin kwanaki ko 'yan makonni, kuma a mafi yawan karnuka lokacin da hannu zai iya jin sa ya riga ya bazu a jiki. Babu rigakafin da ke hana shi. Da kin gano shi wata guda kafin haka, zaɓin da ke gabanki yau su ne dai za a ba ki. Ke ce ma kika lura, ke ce kika ɗauke shi zuwa asibiti.

Kin ce ji kike kamar Baba ne zai sake rasuwa, kuma na yarda da ke. Wani kaso na hawayen nan na Baba ne, wanda wataƙila hidimar gida da aiki ba su bar ki kin zubar ba a lokacin. Ki nemi wanda ya san Baba ya kuma san Zaki, yayarki ko ƙaninki ko wani da suka yi noma tare, ku yi hirar gonar nan. Ki yi wa Baba sadaka, ki yawaita masa addu'a. Ki faɗa wa maigida wannan jimlar kamar yadda kika rubuto min ita, ina kyautata zaton bai san cewa nan abin ya kai ba. In kuma kika ga barci ya ƙaurace miki, abinci ya fita ranki, aiki ya gagara har sama da mako biyu, ki je ki ga likita ke ma.

Maigida zai iya kawo maganar sabon kare saboda tsaro, kuma yana da gaskiya. Ki roƙe shi a ƙara kwaɗo da fitila a yanzu, a ɗan jinkirta kawo kwikwiyo, domin marar lafiya ba zai iya da ƙiriniyarsa ba. Ki fara da gwajin nan a makon nan, ki rubuto min abin da ya nuna. Allah ya ba Zaki sauƙi, ya sanyaya miki zuciya.